Makaho da Gurgu a Kan Dandamali: Tarihin Kiɗan Sonny Terry da Brownie McGhee



Laccar tamu ta yau za ta kai mu nesa da gida, zuwa kudu maso gabashin Amurka, domin mu bi sawun waɗansu makaɗa biyu baƙar fata waɗanda suka yi kusan shekara 40 suna kiɗa tare, ɗaya makaho mai busa, ɗaya kuma mai kaɗa jita wanda shan inna ya nakasa tun yana yaro. Sunansu Sonny Terry da Brownie McGhee. Na zaɓi mutanen nan biyu ne saboda tarihinsu yana ɗauke da wata tambaya wadda ta shafi duk wanda ke nazarin kiɗa da waƙa a ko'ina: idan masu sauraron makaɗi suka sake, aljihun da yake ci daga gare shi ya zama na waɗansu mutane dabam, me ke faruwa da kiɗan, kuma me ke faruwa da shi makaɗin?

Kafin mu kai ga mutanen, ya kamata a faɗi irin kiɗan da ake magana a kai. Kiɗan buluz ya taso ne tsakanin baƙar fatar kudancin Amurka wajen ƙarshen ƙarni na 19, wato a hannun 'ya'ya da jikokin bayin da aka 'yanta a 1865. 'Yancin bai zo musu da gona ko jari ba. Mafi yawansu sun ci gaba da noma gonakin farar fata bisa sharaɗin raba amfani, kullum cikin bashi, kuma dokokin wariyar launin fata, waɗanda Kotun Ƙolin ƙasar ta amince da su a 1896, sun raba su da farar fata a makaranta da jirgin ƙasa da asibiti. Waƙar buluz kan zo da ɗango mai layi uku: a faɗi layin farko, a maimaita shi, sannan na uku ya ba shi amsa ko ya juya ma'anarsa. A ƙarshen kowane layi mawaƙi kan bar gurbi, abin kiɗa ya cike shi. Wannan gurbin shi ne wurin da 'yan amshi za su shiga da a ce waƙarmu ce ta nan gida, kuma ina so ku riƙe shi a zuci, domin a cikinsa ne Sonny Terry ya yi sana'arsa duka.

Nau'in da ake kira buluz na karkara shi ne wanda mutum ɗaya ko biyu ke yi da jita ta katako, ba lantarki, ba tarin mabusa. Shi ma ba iri ɗaya ba ne. Na yankin kogin Mississippi yana da nauyi da kaushi, makaɗi ya kan tsaya kan sauti ɗaya yana nanata shi. Na yankin Piedmont, wato tudun da ya miƙe tsakanin duwatsun Appalachia da gaɓar tekun Atilantika daga Virginia har Jojiya, ya fi sauƙi da walwala: babban yatsa yana kai da komo kan manyan tsirkiyoyi yana riƙe da taki, manuni yana fitar da karin waƙa a kan ƙanana, kamar dai hannu biyu na mai fiyano. Kiɗan rawa ne, na daren Asabar da bakin kasuwa.

Na san akwai mai jiran ya ji ko kiɗan nan yana da dangantaka da namu. Masani Paul Oliver na Ingila, a littafinsa Savannah Syncopators na 1970, ya kawo hujja cewa in za a nemi tushen buluz a Afirka, sai a duba ƙasashen sarari na Sudan ta Yamma, inda molo da goge da mawaƙi guda mai jan murya suke, fiye da ƙasashen kurmi masu tarin ganguna. Gerhard Kubik ya faɗaɗa wannan magana a 1999, har ya kawo kiɗan gogen Hausa cikin misalansa. Hujjar tana da ƙarfi, amma ta fi zama daidai kan salon Mississippi. Salon Piedmont ya sha cuɗanya da kiɗan fiyano da na rawar farar fatar duwatsu, saboda haka kada ɗoki ya sa mu ce mun ji gurmi a cikin jitar McGhee.

Sonny Terry, wanda sunansa na yanka Saunders Terrell, an haife shi ran 24 ga Oktoba 1911, ya kuma tashi a Karolina ta Arewa. Mahaifinsa manomi ne mai busa hamonika, wata 'yar ƙaramar mabusa ta ƙarfe mai ƙofofi 10 wadda ba ta wuce tsawon tafin hannu ba. Kamfanin Hohner na Jamus ya cika kantunan ƙauyukan Amurka da ita a kan kuɗi ƙalilan, shi ya sa ta zama abin kiɗan talaka. Haɗari biyu dabam-dabam suka ci idanun yaron, ɗaya bayan ɗaya, kafin ya wuce shekara 16. Noma ya gagara. A kudancin Amurka na wancan zamani baƙin mutum makaho ba shi da hanyoyi da yawa, kuma wannan ne dalilin da ya sa in kun duba faya-fayen garmaho na shekarun 1920 da 1930 za ku ga sunayen makaɗa da yawa sun fara da kalmar da ke nufin makaho: Blind Lemon Jefferson, Blind Blake, Blind Willie McTell, Blind Boy Fuller. Mu da muka san yadda makafinmu suka riƙi waƙa hanyar abinci ba za mu yi mamakin wannan ba. Terry ya shiga busa a bakin titi da wajen masu tallar magani, waɗanda ke tara jama'a da kiɗa kafin su fito da kwalabe.

Abin da ya bambanta busarsa da ta kowa yana da sauƙin ji, da wuyar kwaikwayo. Mabusar nan an ƙera ta ne domin waƙoƙin Jamusawa, amma mabusan baƙar fata suka gano cewa in an fi ba da ƙarfi ga zuƙar iska ciki maimakon hura ta waje, aka kuma sarrafa harshe da maƙogwaro, sautin yakan lanƙwasa ya sauka kamar muryar mai kuka. Terry ya ƙware a wannan, sannan ya ƙara nasa: tsakanin zuƙa da zuƙa sai ya saki ihu da siririyar murya, da sauri ƙwarai har mai sauraro ya kasa rabe inda mabusa ta tsaya da inda murya ta ɗauka. Da haka yake kwaikwayon jirgin ƙasa yana tashi daga tasha, ko karnuka suna bin yanyawa a daji, da haushinsu da kiran mafarauci. Hannuwansa kuma suna buɗewa suna rufewa a kan mabusar kamar fikafikai, suna toshe sautin suna sakinsa.

Garin Durham shi ne inda ya sami abokin sana'a na farko. Durham garin taba ne, mai manyan masana'antun sigari, da unguwar baƙar fata mai suna Hayti. Da kaka manoma kan kawo ganyen tabarsu gwanjo, su kwana a rumbunan ciniki da kuɗi a aljihu, makaɗa kuma su bi su can. A nan ne Fulton Allen, wanda duniya ta sani da Blind Boy Fuller, ya yi suna. Wani Bature manajan kanti mai suna J. B. Long, wanda ke sayar da faya-fayi yana kuma nemo wa kamfani sababbin makaɗa, shi ya kai Fuller ɗaukar murya a 1935, kuma cikin shekara biyar Fuller ya yi waƙa fiye da 120. Daga 1937 Terry ya fara busa masa a faifai.

Wani abu da zai ja hankalin ma'aikatan da ke cikinmu shi ne zaman makaɗan nan da hukuma. Makaho na bukatar takardar izini kafin ya yi kiɗa a titi, kuma bayan dokar 1935 wadda ta kawo tallafin gwamnati ga makafi, ofishin jin daɗin jama'a yakan binciki ko mutum yana da wata hanyar samu. Kuɗin faifai kuwa jimla ɗaya ake biya, ba ya zuwa kowane wata, amma yana iya sa a yanke wa mutum tallafin da ke zuwa kowane wata. Takardun da jami'an Durham suka rubuta kan Fuller sun wanzu, har masu bincike sun sami tarihin rayuwarsa a cikinsu. Jami'in da ya cike su yana lissafin kuɗin haya da na abinci ne kawai, bai san yana rubuta tarihin kiɗa ba.

Ran 23 ga Disamba 1938 John Hammond ya shirya wani babban taron kiɗa a zauren Carnegie da ke Niyok, mai suna From Spirituals to Swing, domin ya nuna wa farar fata tarihin kiɗan baƙar fata daga waƙoƙin ibada har zuwa manyan ƙungiyoyin jaz. Ya so Fuller ya zo, amma Fuller yana gidan kaso saboda ya harbi matarsa a ƙafa. Sai aka tafi da mabushinsa. Da haka Terry, wanda jiya yake busa a bakin rumbun taba, ya tsaya gaban manyan birni yana kwaikwayon karnukan farauta, aka kuwa yi masa tafi mai yawa. A daren nan kuma aka gabatar da Big Bill Broonzy a matsayin manomi daga Arkansas, alhali mutumin ya daɗe a Shikago yana fitar da faya-fayi masu yawa tare da fiyano da ganga. Wannan ƙaramar ƙarya tana da muhimmanci a labarinmu, domin ta nuna tun da wuri irin hoton da sababbin masu sauraro ke son gani: baƙauye da jitarsa, wanda birni bai taɓa ba.

Shi kuwa Walter Brown McGhee an haife shi ran 30 ga Nuwamba 1915 a Knoxville ta jihar Tennessee, ya girma a Kingsport. Shan inna ya kama shi yana ɗan shekara huɗu ko biyar, ya bar masa ƙafar dama gajera. Ƙanensa Granville shi ke tura shi cikin 'yar amalanke da sanda, daga nan ya sami laƙabin Stick, wato sanda. McGhee ya yi makaranta, ya yi waƙa a ƙungiyar coci, ya koyi jita wajen mahaifinsa. Bayan an yi masa aiki a ƙafar yana saurayi ya sami ikon tafiya ba sanda, ko da yake ɗingishi bai rabu da shi ba har mutuwa. Da ƙafa ta samu sai ya shiga yawon kiɗa gari gari, har ya iso Karolina ta Arewa, inda ya gamu da Terry da Fuller a 1939. Long ya ji shi, ya kai shi Shikago a 1940 ya yi faya-fayinsa na farko.

Fuller ya mutu ran 13 ga Fabrairu 1941. Long, wanda ɗan kasuwa ne kafin kome, ya sa McGhee ya yi waƙar makoki mai suna The Death of Blind Boy Fuller, aka kuma buga waɗansu faya-fayinsa da sunan Blind Boy Fuller na Biyu. McGhee ba makaho ba ne, ba kuma Fuller ba ne, muryarsa ta fi taushi, kalmominsa sun fi fita sarai. Ku lura da cewa tun farkon sana'arsa wani ne ya ɗinka masa riga ya ce ya sa. Terry ya rasa mai jita, kuma makaho yana bukatar ɗan jagora a tafiya. McGhee yana bukatar hanyar shiga Niyok, inda aka riga aka san Terry. Tatsuniyar makaho da gurgu ke nan, kowa da abin da ya rasa, kowa da abin da zai ba ɗan'uwansa. A 1942 suka tare a Niyok.

Ba su kaɗai suka yi wannan ƙaura ba. Tsakanin shekarun 1910 da 1970 baƙar fata kimanin miliyan 6 suka bar kudu zuwa biranen arewa da yamma. Amma su biyun sun faɗa cikin wata da'ira ta musamman. Huddie Ledbetter, wanda aka fi sani da Lead Belly, ya sauke su a gidansa, ta hanyarsa kuma suka shiga cikin su Woody Guthrie da Pete Seeger, farar fata masu ra'ayin 'yan ƙwadago waɗanda ke ganin waƙoƙin gargajiya makami ne na siyasa. Suka riƙa kiɗa a tarurrukan ƙungiyoyin ma'aikata da na neman taimako. Moses Asch, wanda daga baya ya kafa kamfanin Folkways a 1948, ya ɗauki muryoyinsu. Lokacin ma ba na kasuwar faifai ba ne, domin ƙungiyar makaɗan Amurka ta hana 'ya'yanta ɗaukar murya daga Agusta 1942 har 1944, ga kuma yaƙi ya kawo ƙarancin ƙaron da ake yin faifai da shi. Saboda haka tarurrukan nan sun riƙe su a lokacin da ba wani abin riƙo.

Daga ƙarshen yaƙi zuwa tsakiyar shekarun 1950 ne, a ganina, zamanin da ya fi cancantar nazari a tarihinsu, kuma shi ne aka fi tsallakewa. A shekarun nan kowannensu ya yi rayuwa biyu. A unguwar Harlem, gaban 'yan'uwansu baƙar fata da suka baro kudu, McGhee makaɗin zamani ne: jita mai lantarki, fiyano, ganga, wani lokaci da saksafon, waƙoƙin soyayya da giya da rashin kuɗi, irin waɗanda ake sa wa kwabo a akwatin faifai na mashaya a taka rawa. Waƙarsa My Fault, wadda kamfanin Savoy ya fitar a 1948, ta hau kusa da ƙololuwar jerin faya-fayin baƙar fata da aka fi saya. A 1949 ƙanensa Stick ya yi Drinkin' Wine Spo-Dee-O-Dee, McGhee yana kaɗa masa jita, wadda ta zama babbar nasarar farko ta kamfanin Atlantic. Domin kauce wa sharuɗɗan kwantaragi ya riƙa yi wa kamfanoni dabam-dabam faifai da sunayen aro, irin su Spider Sam da Big Tom Collins. Har makarantar koyar da jita ya buɗe a Harlem. A ƙasan gari kuwa, gaban farar fata 'yan boko, sai ya ajiye lantarki, ya ɗauki jitar katako, ya zauna kusa da Terry su yi tsofaffin waƙoƙin gona da na gidan kaso.

Terry ma ya sami nasa rabon shi kaɗai. A Janairu 1947 aka buɗe wasan Finian's Rainbow a Broadway, unguwar manyan gidajen wasan kwaikwayo, yana cikin 'yan wasa, aka yi wasan sau 725. Wannan albashi ne na kowane mako har kusan shekara biyu, abin da makaɗin titi bai taɓa mafarki ba, sai dai da sharaɗin ya busa abu ɗaya daidai wa daida kowane dare, shi da ya saba bai taɓa maimaita busa ba. A Maris 1955 kuma su biyun suka shiga wasan Tennessee Williams mai suna Cat on a Hot Tin Roof, wanda Elia Kazan ya shirya, aka yi shi sau 694. Zaman nan na kullum tare shi ya daidaita su sosai, har jama'a suka daina jin sunan ɗaya ba tare da ɗaya ba.

A daidai wannan lokaci kasuwar Harlem ta fara kuɓuce musu. Matasan baƙar fata sun koma ga sababbin sautuka, daga baya ga kiɗan su Ray Charles da James Brown, kuma da yawansu suna jin buluz na karkara yana tuna musu gonar auduga da wulaƙancin da iyayensu suka gudo wa. Ba za a zarge su ba. A ɗaya gefen kuma ɗaliban jami'a farar fata sun fara neman kiɗan gargajiya ruwa a jallo. Ƙofa ɗaya tana rufewa, ɗaya tana buɗewa, mutanen biyu kuma suna da iyali da kuɗin haya.

A 1958 Chris Barber, shugaban wata ƙungiyar jaz a Ingila, ya gayyace su, domin Broonzy da aka saba kawowa yana kwance ba lafiya, ya kuwa mutu cikin Agustan shekarar. Ingila a lokacin cike take da samari masu kaɗa jitar katako suna kwaikwayon waƙoƙin Lead Belly, tun bayan da faifan Rock Island Line na Lonnie Donegan ya yi kasuwa a 1956. Terry da McGhee suka dace da abin da ake jira, aka karɓe su hannu bibbiyu. A Oktoban shekarar Muddy Waters ya zo daga Shikago da jitarsa ta lantarki, wadda ita ce ainihin abin da baƙar fata ke saurare a lokacin, sai waɗansu masu sharhi suka yi ƙorafin ƙara ta yi yawa. Abin dariya ne, amma akwai darasin tarihi a ciki: Bature a Landan ya zama shi ke yanke hukuncin wane ne baƙin mutum na gaskiya.

Daga nan hanya ta buɗe. Sun yi kiɗa a bikin Newport na farko a 1959. Suna cikin ayarin farko na American Folk Blues Festival da Jamusawa biyu, Horst Lippmann da Fritz Rau, suka zagaya da shi Turai a 1962. A Mayun 1964 gidan talabijin na Granada ya ɗauke su tare da Muddy Waters da Sister Rosetta Tharpe a wata tsohuwar tashar jirgin ƙasa a Manchesta, wadda aka yi wa ado da buhuna da kujerar lilo da kaji domin ta yi kama da ƙauyen kudancin Amurka, 'yan kallo suna zaune a ɗaya gefen layin dogo. A shekarar nan ce aka sa hannu kan dokar da ta haramta wariyar launin fata a wuraren jama'a a Amurka. Wato lokacin da 'yan'uwansu ke shan duka a titi domin rushe tsohuwar kudu, ana sake gina ta da katako da fenti a Ingila domin su zauna a ciki su yi waƙa.

A nan masana suka rabu. Waɗansu sun ce Terry da McGhee sun sayar da kiɗansu, sun goge masa kaushi, sun mai da shi abin nishaɗin ɗalibai, suna maimaita waƙoƙi ɗaya da barkwanci ɗaya kowane dare. Akwai gaskiya a ciki, domin faya-fayinsu na shekarun 1960 sun yi yawa ƙwarai, kuma da yawansu ba su da bambanci da juna. Amma ni ban yarda da hukuncin gaba ɗaya ba, saboda dalili biyu. Na farko, masu wannan suka su ne dai masu son baƙauyen da birni bai taɓa ba, sai McGhee ya zo musu da kwat da lafazi mai tsabta da waƙoƙin da ya tsara da kansa, irin su Walk On, suka ce ba na asali ba ne. Laifinsa a wurinsu shi ne ƙwarewa. Na biyu, makaɗi bai taɓa rayuwa ba tare da ubangida ba. Wanda ya yi nazarin makaɗan fada da na jama'a a ƙasarmu ya san cewa waƙa tana bin hannun da ke bayarwa, kuma gwanintar makaɗi tana bayyana ne a abin da ya iya yi cikin wannan iyaka. Manomin taba da ke jefa kwabo a Durham shi ma ubangida ne, yana da abin da yake so a kaɗa masa. Abin da ya sake shi ne sabon ubangidan ba ya rawa, yana zaune shiru yana saurare, kuma yana son jiya fiye da yau.

Hasarar da aka yi ta gaske, a ganina, ta faɗa kan McGhee ne. Terry bai sake kome ba, busar da ya yi a 1938 ita yake yi a 1978, kuma kowane irin taro yana sonta. McGhee kuwa mutum ne mai son ƙungiya da lantarki da sababbin waƙoƙi, sai kasuwa ta ɗaure shi a kujera da jitar katako, a matsayin rabin wani abu. Sun ɗan gwada fita daga wannan a faifan Sonny & Brownie na kamfanin A&M a 1973, inda suka yi waƙoƙin marubutan zamani irin su Randy Newman da Curtis Mayfield tare da cikakkiyar ƙungiya, amma masu shirya taro mutum biyun nan suke so, kamar yadda aka san su.

Fiye da shekara 20 suna kan hanya mafi yawan watannin shekara, jirgi ɗaya, masauki ɗaya, waƙoƙi ɗaya. Zo mu zauna, zo mu saɓa, in ji Hausawa. McGhee ya koma Oakland ta Kalifoniya da zama, Terry ya tsaya a Niyok, faɗin ƙasar duka a tsakaninsu. Cikin shekarun 1970 rashin jituwarsu ta daina ɓoyuwa: sukan hau dandamali ba mai yi wa wani magana, wani lokaci su yi wa juna gatse gaban jama'a, har ta kai kowa yakan yi nasa ɓangaren dabam, Terry da wani mai jita. Ko jerin sunayensu a bangon faifai bai tsaya wuri ɗaya ba, wani ya fara da Terry, wani da McGhee. Abin mamaki shi ne kiɗan bai nuna ba. McGhee zai ja layi ya bar gurbi, mabusar Terry ta faɗa ciki daidai, kamar tunaninsu ɗaya. A 1979 sun fito tare a fim ɗin The Jerk, kuma a farkon shekarun 1980 suka rabu.

A 1982 hukumar raya fasaha ta gwamnatin Amurka ta fara ba da lambar girmamawa ga gwanayen al'adun gargajiya, su biyun suna cikin rukunin farko da aka ba. Terry ya yi faifan Whoopin' a 1984 tare da Johnny Winter da Willie Dixon, ya fito a fim ɗin The Color Purple a 1985, ya mutu ran 11 ga Maris 1986 a Mineola ta jihar Niyok yana da shekara 74. McGhee ya rage tafiye-tafiye, ya fito a fim ɗin Angel Heart a 1987 a matsayin wani tsohon makaɗi, ya hau dandamalin bikin buluz na Shikago a 1995. Ciwon daji na ciki ya yi ajalinsa a Oakland ran 16 ga Fabrairu 1996, yana da shekara 80. Faya-fayin da suka yi wa Moses Asch suna hannun cibiyar Smithsonian da ke Washintan, wadda ta karɓi kamfanin Folkways a 1987 bisa alkawarin ba za ta bar ko ɗaya daga cikinsu ya ɓace daga kasuwa ba.

Shugaba, a nan zan dakata domin a sami lokacin tambayoyi.